Ta'aziyyar Zomo, Wanda Ya Yi Mini Kunne Shekara Shida

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma a ranar da aka rubuta masa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe, Allah Ya karɓi ran abokin aikina, mai wayarin na garejinmu, wanda kowa ya sani da Zomo. Ya rasu yana da shekara hamsin da huɗu. Ya bar mahaifiyarsa da maiɗakinsa da 'ya'ya biyar. A cikin gareji ya faɗi, tsakanina da shi bai fi taku shida ba.

Ni bakanike ne, ba marubuci ba, kuma yau kwana tara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Amma akwai abin da ya wajaba in faɗa, Zomo, kuma in ban rubuta shi ba, ban san ta inda zan fara faɗinsa da baki ba.

Shekara ashirin da biyu muka yi a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya. Ni ina ɓangaren ramin duba mota da sifanonina, kai kana can kusa da bango da teburinka mai ƙafa uku da bulo, wayoyi sun rataya a kansa kala-kala. Na girme ka da shekara bakwai, shi ya sa ba ka taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya. Sunan Zomo kuwa direbobi ne suka laƙaba maka, domin mota tana shigowa ƙofar gareji, kafin mai ita ya kashe ta, ka riga ka faɗi ciwonta da kunne kawai. Ba ka jin haushin sunan. Ka kan ce ai gara zomo da jaki, sai ka dube ni ta wutsiyar ido, a yi dariya.

Da injunan zamani suka fara yawa, mu tsofaffin makanikai mun sha wuya. A injin da muka taso da shi, lokacin da bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, ke buɗewa da rufewa ɗaya ne, in ka saita tayimin ka gama. Waɗannan kuwa lokacin bawul ɗinsu yana matsawa gaba ko baya gwargwadon gudun mota. Kai ne ka zaunar da ni ka bayyana mini da ƙusa a kan ƙasa. Ka zana giyar da ke kan sandar kam mai tura bawul, ka ce baƙin mai ne ke tura cikinta ta juya kaɗan. Ka zana ɗan ƙarfen nan mai waya da muke kira solonai, ka ce shi ne mai gadin ƙofa, kwamfutar mota ta umarce shi ya buɗe wa mai hanya ko ya rufe. A bakinsa akwai wata 'yar rariya da ba ta kai farcen babban yatsa ba. In mai ya yi datti, rariyar ta toshe, giyar ta maƙale, sai mota ta fara kakkarwa a tsaye, ta riƙa mutuwa a mahaɗar hanya, ta rasa ƙarfi a hawa, ta sha fetur kamar ana zubarwa. Na ce maka wannan ai wahala ce aka ƙirƙiro wa talaka. Ka ce, "Yaya, wahalar ba ta kai ta jahilci ba, zo ka riƙe mini fitila."

Ba ka taɓa fara aiki daga na'urar gwaji ba, ko da yake kai kaɗai ka iya karanta ta a layinmu. Sandar awon mai ka kan fara zarowa, ka murza man a yatsa, ka shinshina. Sannan ka ce mai mota ya bar ta ta kwana, domin kana son ka ji tashinta na farko da safe, inji yana sanyi. Na tuna wani tsohon malamin makaranta da ya zo a firgice, an ce masa sai an sauke inji gaba ɗaya. Ka zare solonai ɗin, ka wanke rariyar da fetur da tsohon buroshin haƙori, muka juye man muka zuba sabo, motar ta tashi lafiya lau. Tsohon ya tsaya yana jiran sauran aikin. Ka ce masa aiki ya ƙare, sai dai in yana so ka wanke masa gilashi. Bai yarda ba sai da ya zaga unguwa sau uku.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, shekara shida ke nan ba na ji sosai.

Ya fara ne da kunnen hagu, wata 'yar ƙara kamar ta ƙudan zuma da ba ta tsayawa. Daga nan ƙananan sautuka suka ɓace. Na daina jin tsiyayar ruwa a famfon gida, na daina jin muryar jikokina in suna bayana. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba, domin bakanike da kunne yake ci. Wa zai kawo wa kurma mota? Sai na koyi kallon leɓen mutane, na koyi gyaɗa kai, na koyi yin dariya in na ga ana yi. Ko maiɗakina ban gaya wa ba, ta ɗauka miskilanci ne ya ƙaru mini da tsufa.

Motar ungozoma ce ta tona ni. Mace ce mai kamun kai da ke aiki a wani ƙaramin asibiti a bayan gari, kullum tana kan hanya. Ta kawo motarta tana mutuwa in ta tsaya, fitilar gargaɗi a kunne. A makon nan ka yi tafiya, ka bar mini na'urar. Na jona ta, ta nuna cewa sandar kam da ƙasan inji ba sa tafiya tare. Matar ta yi mini wani bayani game da safiya, na ga bakinta yana motsi, ban kama ba, na gyaɗa kai. Na yanke cewa sarƙar tayimin ce ta saki. Na canza sarƙa, na canza sansa, 'yar na'urar da ke kai wa kwamfuta labari, na kashe fitilar gargaɗin, na ba ta mota.

Bayan kwana huɗu aka jawo motar da igiya, gefenta ya lotsa tun daga ƙofar baya har fitila. Ta mutu mata ne a tsakiyar babbar mahaɗa, tana shirin karya kwana, babbar motar kaya tana gangarowa. Direban ya taka burki ya kauce, amma sai da gindin motarsa ya share ta. A kujerar baya akwai mace mai naƙuda da ta ɗauko. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya rasa ransa. Ungozomar ta tsaya a bakin ramina, ba ta ɗaga murya ba. Wannan karon na karanta leɓenta sarai. Ta ce, "Malam, na gaya maka tana ƙara da safe."

Na zauna a kan tsohuwar taya ina jin kamar za a zo a tafi da ni, kuma na san in an zo ba ni da ta cewa.

Ranar ka dawo daga tafiyarka. Ka lallashi matar, ka roƙe ta ta bar motar ta kwana. Washegari da sassafe ka sa ni na murza makulli, kai kana tsaye a gaban inji. Tana tashi ka ɗago kai ka dube ni, ka tambaye ni ko na ji. Na ce na ji. Ka ce me na ji. Na mayar da idona kan sitiyari. Ka zagayo ta bayana, ashe magana kake yi mini, ni kuwa ina kallon sitiyari. Da ka dawo gabana idonka ya kaɗa. Ka matso har ina jin numfashinka, ka ce, "Yaya, tun yaushe?"

Na yi kuka a gabanka ranar, ni da na girme ka.

Ba ka yi mini faɗa ba sai da muka gama aikin. Ka gaya mini ƙarar da ta yi, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, daƙiƙa biyu ko uku, da mai ya hau sama sai ta ɗauke. Ka ce sarƙa ba ta yin haka, wannan giyar ce, ɗan fil ɗin da ke kulle ta ya cinye. Ka bar injin yana aiki a hankali, ka cire wayar solonai ka ba shi wuta kai tsaye daga batir. Ka ce lafiyayyen inji in an yi masa haka dole ya yi tuntuɓe kamar zai mutu. Wannan ko gezau bai yi ba. Muka zare solonai ɗin, ka sake ba shi wuta a hannu, ka ɗora yatsana a kansa domin in ji bugunsa da fata tunda kunne ya ƙi. Yana bugawa, lafiyarsa ƙalau. Muka auna ƙarfin mai, bai gaza ba. Da muka buɗe murfin sama, ga giyar nan a maƙale, cikinta cike da baƙin datti kamar kwalta. Sarƙar da na cire kuwa ba abin da ya same ta.

Da ungozomar ta zo ɗaukar mota, ka ce mata kuskuren garejinmu ne, mu biyu. Ba ka ce nawa ba ne. Bayan ta tafi ka rufe ƙofar gareji, abin da ba mu taɓa yi da rana ba, ka ce mini abu biyu. Na farko, daga ranar ba motar da za ta fita daga hannuna sai ka saurare ta. Na biyu, in je asibitin kunne. Na ɗauki alkawarin duka biyun. Na farko kaɗai na cika.

Shekara shida kana yi mini kunne. In mai mota yana bayani, sai ka taso daga teburinka kamar wucewa kake, ka tsaya inda zan ga bakinka, ka maimaita maganarsa kamar mai tunani: wato ka ce tana kakkarwa in ta yi zafi. Ka koya mini in dafa doguwar sukudireba a jikin inji, in danna ƙotarta a ƙashin bayan kunnena, ƙarar ta biyo ta ƙashi. In kana son kirana ba ka ɗaga murya don kada a gane, sai ka bubbuga jikin motar da nake ciki, in ji motsin a hannuna. Mai facin da ke tsallaken titi ya taɓa tambayarka me ya sa kake dukan motocin mutane. Ka ce masa gaishe su kake yi.

Maganar asibiti kuwa ba ka bar ta ba. Duk wata sai ka tayar. Sau biyu ka karɓo mini kati da kanka. Ni kuma ina tsoron a maƙala mini abin ji a kunne kowa ya gani, direbobi su watse. Kullum sai in ce bayan wannan aikin. Wata rana ka fusata, irin fushinka da ba ya wuce minti biyar, ka ce ni da nake zagin masu mota don sun ga fitilar gargaɗi sun liƙe ta da takarda, ni ne shugabansu.

Ranar Talatar nan wata farar mota ce a gabanmu, irin ciwon da muka saba. Ka saurari tashinta, ka ce rariya ce, in zare in wanke, kai za ka ɗauko mitar awo a teburinka. Injin a kashe yake. Gareji shiru. Na sunkuya a ƙarƙashin boneti ina goge rariyar a hankali, ina ɗaga ta ga haske, ina sake gogewa. Ban san minti nawa na ɗauka ba. Goma, ko sha biyar. Abin da na sani shi ne, wani ya fizgi kafaɗata da ƙarfi, na juyo na ga mai faci, bakinsa a buɗe yana nuna bayana.

Kana kwance a ƙasa tsakanin teburinka da motar, mitar tana gefenka. Hannunka na dama a miƙe yake wajen ƙofar motar ta baya, saura kamar tsawon tafin hannu ya taɓa ta.

Mun ɗauke ka a motar wani direba. Ina riƙe da kanka a cinyata, ina kiran sunanka, ban san ko da ƙarfi nake yi ko a hankali ba. A asibiti likita ya fito ya ce zuciya ce, kuma ka riga ka cika. Na bi shi har bakin ƙofa na tambaye shi, da an kawo ka minti goma kafin haka, da ka rayu? Ya tsaya ya ba ni amsa, doguwar amsa, hannunsa a kafaɗata. Amma bakinsa a rufe yake da ƙyallen nan na likitoci. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na gyaɗa kai kamar yadda na saba, ya wuce.

Bayan an dawo daga maƙabarta mai faci ya ja ni gefe. Mutumin kirki ne, bai san abin da yake yi mini ba. Ya ce ya ji ka kira ni sau biyu, Yaya, Yaya, ya ɗauka kiran aiki ne, ya ci gaba da facinsa. Sai da ya ɗago daga baya ya hango ƙafafunka. Ya tambaye ni ko injin ne ya hana ni ji. Na ce masa injin a kashe yake.

Tun daga ranar ban iya juya wa kowa baya ba. A gida ina zama ne a kusurwar ɗaki inda zan ga kowa. In maiɗakina ta shiga kicin sai in bi ta in tsaya a ƙofa, har ta fara tambaya ko lafiya. In jikana ya fita tsakar gida sai in riƙa tunanin ko yana can yana kira. Na je gareji sau ɗaya. Farar motar tana nan da bonetinta a buɗe, rariyar tana cikin murfin gwangwanin da na ajiye ta, fetur ɗin ya bushe. Na tsaya a ƙofa na kasa shiga. Ina tsoron wurin, ina tsoron kaina, kuma fiye da komai ina tsoron ranar da za a tambaye ni game da katin asibiti biyu da suke cikin aljihun tsohuwar rigar aikina.

A rana ta uku na je gidanka na nemi ganin Inna, mahaifiyarka, da maiɗakinka. Aka shigar da ni ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado da carbinta, maiɗakinka tana ƙasa kusa da ƙofa, ta lulluɓe. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga motar ungozoma har kiran nan biyu. Ban ɗaga kai ba sai da na gama, sannan dole na ɗaga, domin in ban kalli baki ba ba zan san abin da aka ce mini ba.

Inna ta yafito ni da hannu. Na matsa. Ta kama kaina da hannayenta biyu, ta sa bakinta a kunnena na dama, ashe ta san wanda ya fi ji. Ta ce da ƙarfi, "Ya gaya mini tun shekarar farko, ya ce in riƙa sa ka a addu'a. Ba zan ce maka ba komai ba, ɗana ne. Amma ba kai ka ba shi rai ba, ba kai ka karɓa ba. Tashi ka je a duba ka, kada ka sake sa wata uwa ta zauna inda na zauna."

Maiɗakinka ta dube ni, ta tashi ta fita. Har yau ba ta ce komai ba, kuma ban ga laifinta ba. Ita ba ta sani ba sai ranar. Tana da haƙƙin ta yi shiru iya tsawon da take so.

Jiya na kira mai farar motar, na sa ɗana ya riƙe wayar yana faɗa mini amsarsa. Na gaya masa ya zo ya kai ta wani wuri, domin zan iya mayar da rariyar, amma ba zan iya jin ko ta warke ba. Haka nake gaya wa duk wanda ya karanta wannan cikin waɗanda suka ba ni amanar motocinsu a shekarun nan. Hannun nawa ne, amma kunnen na Zomo ne. Duk motar da ta kai ku gida lafiya, shi za ku yi wa addu'a. Na gaya wa maiɗakina ita ma. Ta yi kuka, ta ce shekara shida tana zaton na daina son hira da ita. Ranar Litinin za ta raka ni asibiti. Ina jin tsoron abin da za su ce, amma zan je.

Zomo, ƙanena, ban san abin da kake son faɗa mini ba da ka kira. Ko taimako kake nema, ko wasiyya ce, ko kalmar shahada kake son wani ya laƙƙana maka. Ka rufa mini asiri har ƙarshen numfashinka, ni kuwa ban juyo ba. Ka yafe mini.

Ya Allah, Kai ne mai jin abin da ba wanda ya ji. Ka ji kiran bawanka a safiyar nan, Ka amsa masa da rahamarka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka suturta shi ranar tonon asiri kamar yadda ya suturta ɗan'uwansa. Ka sa rayukan da suka tsira a kan hanya ta dalilinsa su zama nauyi a mizaninsa, Ka sanya Aljanna ta zama makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah Ya ƙara mata haƙuri, Ya saka mata da alheri kan maganar da ta gaya mini alhali ita ce ta fi kowa rashi. Ga 'ya'yansa biyar, waɗanda suka taso suna kirana Baba, Allah Ya raya ku, Ya ba ku halin mahaifinku. Ga 'yan'uwansa da maƙwabtansa da dukan mutanen layinmu, Allah Ya ba mu juriya. Ga maiɗakinsa kuma, ba na neman ki ce mini komai. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya tsaya miki a kan yaran nan, Ya haɗa ki da shi a gidan da ba rabuwa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.